Kazata ta ƙi tashi daga gurbi, ciwo ne ko mi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah kazata ce yau kwana 6 ta lafe cikin akurki bisa ƙwai 3, ta daina saka wani, in na kai hannu sai ta kumbura ta sare ni, gashin ƙirjinta ma duk ya zube. Maƙwabciyata ta ce in tsoma ta ruwa, uwar mijina kuma ta ce a soka mata gashi a hanci. Zakaran namu tun salla munka yanka shi. Mi za ni yi? Daga wata baiwar Allah a Jega, jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Lafiyarta ƙalau, kwanci take yi, gashin nan ma ita ta fige abinta don ɗumin jikinta ya riƙa taɓa ƙwan. Kajinmu na Hausa haka suke, na gidan gona ne ba su cika yi ba.

Amma fa tunda kin ce an yanka zakara, in dai ba na maƙwabta ke shigowa ba to ƙwan nan ba ya da ɗa, ko wata guda za ta yi a kai baragurbi za ki kwasa, ita kuma ta rame a banza don sau ɗaya ko biyu take fitowa a wuni ta ɗan tsattsaga ta sha ruwa ta koma.

Ni da ni ce ke ba zan bar kwancin ya tafi haka nan ba. Ki nemi ƙwai 8 zuwa 10 a gidan da ke da zakara, wanda bai wuce sati da sakawa ba, ki sa mata da daddare, kowanne ki yi mai alama da gawayi saboda wata kazar kan shigo ta ƙara nata. Kwana 21 ta ƙyanƙyashe. In damina ce ma ƙwan zabi za ki sa, shi kwana 26 zuwa 28 ne, kuma kaza ta fi zabuwa riƙon 'ya'ya nesa ba kusa ba. A kwana na 10 ki haska ƙwan da tocilan cikin duhu, wanda kika gani fayau ba komai a ciki ki fidda. Ruwa da dawa ko gero su zauna kusa da ita, ki zuba toka a gefe ta yi birgima saboda ƙwarƙwata.

In kuwa ƙwai kike so ba 'yan tsaki ba, kwashe ƙwan, ki sa ta a kejin waya ki ɗora bisa bulo a inuwa yadda iska za ta riƙa bi ta ƙasanta, ba ciyawa ba tsumma, abinci da ruwa kawai. Kwana 3 yawanci ta saki, mai taurin kai ta kai sati. Batun gashi a hanci kuma, ki ba Inna haƙuri cikin ladabi, azaba ce kawai. Tsomawar ma in da sanyi sai ta jawo mata mura.