Tambaya da Amsa: Daga Ina Ake Fara Gina Gidan da Ba Ya Cin Wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana mun mallaki fili a yanki mai zafi, kuma muna son gina gida na zamani wanda ba zai riƙa cin wutar lantarki da yawa ba, tare da wurin zama a waje inda iyali za su sha iska. Shi yana ganin da zarar an sa sola mai yawa, magana ta ƙare. Shin haka ne?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Sola tana da amfani ƙwarai, amma ita ce ta ƙarshe a lissafi, domin gidan da aka zana ba tare da an yi la'akari da rana ba zai ci gaba da neman na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, komai yawan faifan da aka jera a rufinsa.

Abu na farko da za ku tattauna da mai zanen gini shi ne inda gidan zai fuskanta. Hantsi da ranar la'asar suna zuwa ne ƙasa-ƙasa, suna shiga taga kai tsaye, alhali ranar tsaka tana sama, kuma rufin da ya ɗan zarce bango yakan tare ta. Saboda haka dogayen bangwaye da manyan tagogi su kalli kudu da arewa, a bar wa ɓangaren yamma banɗaki, sito da matakala. Rufin ya zama mai farin launi, a shimfiɗa abin hana zafi tsakaninsa da silin. Tagogi su kasance suna fuskantar juna, a kuma bar ƙananan kafofi can sama, tunda iska mai zafi sama take tashi. Tunanin rage buƙatar wuta tun daga zanen gini shi ne ginshiƙin Passivhaus, wato tsarin gina gida mai ƙarancin cin makamashi, wanda aka gina gidansa na farko a Darmstadt ta ƙasar Jamus a 1991, ko da yake a can sanyi suke yaƙa.

Wurin zaman da kike so a waje, a ganina, shi ne babban mataimakinku, kuma ina takaicin yadda ake barinsa sai an gama gini a waiwaye shi. Baranda mai zurfin da za ta ɗauki kujeru tana yi wa bangon falo inuwa, musamman idan akwai ƙofa daga falo da kicin zuwa cikinta, ta yadda za a riƙa amfani da ita kullum. Ku dasa bishiyoyi a yamma, nesa da harsashin gini saboda saiwa. Kada ku malale farfajiya duka da siminti, domin yana shan zafi da rana ya sake shi da dare, daidai lokacin da kuke son zama a waje.

Bayan wannan sai kayan wuta. Ƙwan LED yana rage cin wuta da kimanin kashi 75 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon ƙwai mai zare. Idan an lissafa abin da firji, fanka da famfon ruwa za su ci, sannan a san yawan solar da za a saya. Tun a zane a ware wa batura wuri mai iska, a kuma binne bututun wayoyinsu kafin a yi filasta.