Tambayi likita: daga kaskon ƙosai zuwa kunun kanwa

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon kusan dukkansu daga madafa suka fito. Masu sauƙi na amsa su a taƙaice. Akwai guda ɗaya da na daɗe a kanta, ta wani magidanci daga Funtuwa, kuma ina roƙon duk gidan da ke da mai jego a karanta ta, a kuma karanta wa iyayenmu mata.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wai da gaske ne awara tana kashe ƙarfin namiji? Abokaina sun sa na daina ci. (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗan'uwa, ci abarka. Waken suya ne, yana gina jiki kamar ƙwai da nama, ga kuma araha. Abin da za ka duba shi ne tsaftar mai sayarwa da irin man da aka soya ta da shi.

Tambaya: Wuta ba ta zama a unguwarmu, firijinmu sai ajiyar kwanuka. Abincin dare yakan rage, da safe in ɗumama wa yara. Akwai matsala? (Wata uwargida daga Gusau)

Amsa: Malama, ɗumame ba laifi ba ne, da shi muka tashi. Sai dai ba kowane abinci ne yake jure kwana ba. Miya ki tafasa ta sosai da dare, ki rufe, kada kowa ya sake tsoma ludayi, da safe ki sake tafasa ta har ta yi ɓararraka. Wannan bai kai firij ba, amma yana rage haɗari. Tuwon ma a bari zafi ya ratsa har tsakiyar malmala.

Wadda ba na so ta kwana a waje ita ce dafaffiyar shinkafa, musamman lokacin zafi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwar farko. Idan shinkafa ta huce ta zauna fiye da awa 2, sai ta hayayyafa ta zubar da guba, kuma ɗumamawa ba ta kashe gubar. Shi ya sa za ki ga yara sun ci da safe, kafin azahar sun fara amai. Alala, wake da kwaɗon zogale ko na rama su ma ba su son kwana. Ki riƙa auna abin da zai ƙare a daren.

Idan yaro ya kamu da amai da gudawa, fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Na leda da ake sayarwa a kemis ya fi daidai idan akwai. Amma idan ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko ya daina fitsari, ko kin ga jini a bayan gida, ki ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Maƙwabciyata ta ce in jefa ƙwayar fanadol biyu ko uku a tukunyar ganda ko ƙafar saniya, tana nuna da wuri, a huta da ɓarnar gawayi. In gwada? (Wata amarya daga Kano)

Amsa: A'a! Don Allah kada ki gwada, kuma ki gaya wa maƙwabciyar taki ta daina. Wallahi wannan abu yana ƙona min rai. Maganin da babba ba ya wuce ƙwaya 8 a wuni, yaro kuma sai an auna nauyinsa kafin a ba shi, shi za a zuba a tukunyar da kowa zai ci, har da ɗan yaye? Yawansa hanta yake lalatawa, kuma idan ya sha wuta yakan rikiɗe ya koma wani sinadari mai cutar da ƙoda. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Nijeriya ta sha yin gargaɗi a kan wannan. In laushi kike so, ki yanka naman ƙanana, ki jefa yankan ɗanyar gwanda, ki rufe tukunya ruf ki rage wuta. Gawayin da za ki tattala bai kai kuɗin wankin ƙoda na rana guda ba.

Tambaya: Likita, Allah ya ƙara basira. Iyalina ta haihu mako uku da suka wuce. Mahaifiyata ce ke kula da ita: wankan jego safe da yamma, kunun kanwa kullum, da dare kuma ɗanwake ko faten wake mai kanwa sosai, wai don nono ya kawo. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko banɗaki ta je, da dare ba ta iya kwanciya sai a zaune, ga tari. Hajiya ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara zafin ruwa a ƙara kanwa. Me zan yi? (Wani magidanci daga Funtuwa)

Amsa: Malam, ka kai ta asibiti yau. Ba gobe ba, ba bayan arba'in ba. Ka kai ta babban asibiti inda za a auna jininta a kuma ɗauki hoton zuciya. Daga yanzu a tsayar da kunun kanwa da duk abinci mai kanwa, a dakatar da wankan tafasasshen ruwa. Ka fara yin wannan, sauran bayanin ka karanta shi a kan bencin asibiti.

Ban duba ta ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Ƙarancin jini yana kawo haki, hawan jinin bayan haihuwa da ciwon ƙoda suna kawo kumburi, kuma kowannensu na asibiti ne. Amma kumburin ƙafa, da haki, da kasa kwanciya sai a jingine, da tarin dare, duk a jikin mai ɗanyen jego, sun fi kama da raunin zuciya na bayan haihuwa. Naman zuciyar ne yake saki, ya kasa tura jini yadda ya kamata. Sai ruwa ya taru a ƙafafu, ya taru a huhu. Idan ta kwanta, ruwan ƙafafun ya koma ƙirji, shi ya sa take tashi zaune tana neman iska.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Binciken da aka yi a Zariya da Sakkwato ya nuna kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura cewa matan da ake kawo musu da shi galibi suna cikin shan kunun kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna cewa lamarin ya wuce al'ada kaɗai: rashin wadataccen abinci, ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, da hawan jini lokacin goyon ciki duk suna da hannu. Don haka ba zan ce kanwa ce kaɗai ta jawo ba. Abin da ba na shakka a kansa shi ne, zuciyar da ta riga ta yi rauni, kanwa tana ƙara durƙusar da ita.

Dalili kuwa, kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Sinadarin sodiyam ne ya cika ta, shi kuwa duk inda ya shiga sai ya riƙe ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba mai lafiya kada ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yaji. To ka lissafa kofin kunun kanwa safe da yamma, ga ɗanwake, ga yajin jego. Ruwa yana ƙaruwa a jijiyoyi, zafin wanka kuma yana sa zuciya ƙara gudu. Tamkar jakin da ya gaji ne aka ƙara masa mangala ana kuma dukansa ya yi sauri. Abin da Hajiya take kira sanyi ruwa ne ya taru, kuma maganin da take shirin ƙarawa shi ne yake tara shi.

Na san abin da ke da wuya a nan ba kuɗin mota ba ne, fuskar Hajiya ce. Ba mugunta take yi ba. Abin da aka yi mata take yi wa surukarta, kuma za ta ce ta haifi goma da kanwa ba abin da ya same ta. Gaskiya ne, mata da yawa sun sha sun wuce lafiya, amma wannan ga jikinta ya nuna ba za ta iya ba. Kada ka yi musu da mahaifiyarka. Ka ce mata, "Hajiya, ki raka mu likita ya duba ta." Bari ta ji daga bakin likita. In akwai kawu ko gwaggo da take jin maganarsu, ka nemi taimakonsu. Amma ko an yarda ko ba a yarda ba, amanar matar nan a wuyanka take.

A asibiti za a ba ta maganin da zai sa ta fitsari ruwan ya ragu, da magungunan da ke sauƙaƙa wa zuciya aiki. Mata da dama suna murmurewa cikin wata 6 zuwa shekara idan an zo da wuri kuma an riƙe magani. Waɗanda aka bari a gida ana ƙara musu kanwa su ne muke rasawa, wasu kuma jini ya daskare a zuciya ya haura kai, ɓarin jiki ya shanye. Kada ta daina magani don kumburi ya sace. Kada kuma ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya sake duba ta, domin ciwon yana iya dawowa da ƙarfi. Ku yi maganar tazarar haihuwa kafin a sallame ku.

Batun nono kuma, kanwa ba ta kawo shi. Yawan ba jariri mama ne yake kawo shi, tare da ƙoshi da hutu. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a yi mata faten wake da alayyafo, da ƙwai, da kifi, da hanta, gishiri kaɗan. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba sai da kanwa ba. Wanka da ruwa mai ɗumi ya isa. Ina sake faɗa, Malam: yau za ka kai ta.

Tambaya: Ina da olsa. Yajin tsire da na ɗanwake ne suka jawo min? (Wani direba daga Maraɗi)

Amsa: Yaji yana tayar da zafin, amma ba shi ya haƙa gyambon ba. Galibi wata ƙwayar cuta ce ta ciki, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda na san ku direbobi kuna sha. Je a gwada ka, tana da magani. Kada ka jiƙa kanwa ka sha. In ka ga baƙin bayan gida ko aman jini, asibiti kai tsaye.

Tambaya: Gyaɗata ta ɗan yi funfuna a buhu. In na soya ta na yi ƙuli-ƙuli, ai wuta ta kashe komai ko? (Wata mai sana'a daga Bici)

Amsa: Ba ta kashe ba, Hajiya. Funfunar gyaɗa da masara tana barin wata guba da suya ba ta kawar da ita. Ba ta kayar da mutum a ranar. A hankali take cin hanta har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma tana tsumburar da yara. Ki tsince duk ƙwayar da ta canja launi, ta motse, ko take ɗaci, ki zubar. Kada ki ba kaji ko awaki. In ta yi yawa a buhun, haƙuri za ki yi da shi. Nan gaba a shanya ta bushe ƙayau, a ɗora buhu a kan katako.

Tambaya: Sau nawa zan iya maimaita man suyar ƙosai? (Wata baiwar Allah daga Azare)

Amsa: Ki tace shi bayan kowace suya. Da zarar ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa ko yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki. Kada ki zuba sabo a kansa don ki ja kwanansa.

Tambaya: Mai ya fantsamo wa ɗana ɗan shekara uku a hannu ina suyar dankali. Na fasa masa ɗanyen ƙwai, kakarsa ta shafa man goge baki. Kwana biyu ke nan, wurin ya yi ruwa yana wari. (Wata uwa daga Birnin Kudu)

Amsa: Sannu, Allah ya ba shi lafiya. Wari da ruwa alamar ƙwayoyin cuta sun shiga ne, ki kai shi asibiti yau a wanke, a duba ko yana buƙatar allurar tetanus. Kada ki ƙara sa komai a kai.

Na gaji da ganin abin da ake shafa wa ƙuna: ƙwai, man goge baki, manja, gishiri, toka, baƙin mai, gashin zomo, har kashin shanu. Babu ɗaya da ke warkarwa. Wasu suna riƙe zafin ya ci gaba da cin nama, wasu suna kai cuta, kuma kafin mu ga ciwon sai mun kankare su yaro yana ihu. Abin yi guda ne: a kwarara ruwa mai sanyi a wurin na minti 20. Ruwan randa ko na famfo, ban da ƙanƙara. A cire zobe ko awarwaro kafin hannu ya kumbura, kada a fasa bororon da ya taso, a rufe da tsumma mai tsafta. Idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, yatsu, gaɓa ko al'aura, asibiti za a nufa ko da yaron ya daina kuka.

Ki riƙa juya mariƙin kasko ya kalli bango, kada ki yi suya da goyo a gaba, kuma a kawar da yara daga murhu har man ya huce. In mai ya kama da wuta, kada a watsa ruwa. A kashe risho a kife murfi a kai. Shi kuma yaron, idan zazzaɓi ya rufe shi ko jan ya fara haurawa sama kafin ku shirya, kada ki jira dawowar babansa, ki tafi da shi.