Tambayi Likita: Tsiron hanci da asma, wai meye haɗinsu?

Tambaya: Salam likita. Ina da asma tun ina budurwa, yanzu kuma shekara biyu kenan hancina a toshe, ko ƙamshin miya bana ji, ranar nan tuwo ya ƙone min sai da maƙwabciya ta leƙo tana salati na sani. An duba an ce tsiro ne a hanci, wai sai an yi aiki. Abin da ya ɗaure min kai tun da hancin ya toshe asmar ma ta ƙaru, inhela bata kai min wata. Meye haɗinsu? Daga wata uwa, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ai hanci da huhu hanya ɗaya ce, fatar da ta shimfiɗe cikin hanci dangin wadda ke cikin bututun numfashi ce, shi ya sa abin da ya taɓa ɗaya da wuya ya ƙyale ɗayan.

Garkuwar jiki tana da 'yan aike, wasu ƙananan sinadarai da ake kira sitokin. Idan ƙurar hunturu ko hayaƙin itace ko mura suka fusata fatar nan sai ta yi kururuwa, ta saki 'yan aike masu suna TSLP da IL-33, su kuma su tado 'yan uwansu IL-4 da IL-5 da IL-13. IL-5 shi ke kiran wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, su taru su zauna sun ƙi tafiya, IL-13 ya sa majina tayi yawa tayi kauri, IL-4 kuma ya zuga jiki ya ƙera IgE mai haddasa alaji. To a hanci kumburin nan in ya daɗe fata ke cika da ruwa ta zazzago kamar 'ya'yan inabi, shi ne tsiron, a ƙirji kuma bututu ya matse kina jin fito-fito cikin dare. Ba wai majina ce kawai ke gangarawa ƙirji ba kamar yadda ake cewa.

Abu ɗaya da nake so ki lura dashi sosai: kin taɓa shan asfirin ko ibuprofen ko diclofenac numfashinki ya sarƙe? Akwai masu asma da tsiron hanci da waɗannan magunguna ke tada musu ciwo mai tsanani, wani likita Samter ya bayyana haɗin ukun a 1968. Mu kuwa ɗan ciwon baya sai kemis, a ƙullo mana haɗi a leda ba suna ba komai. Ki daina karɓar irin wannan, ki gaya wa likitanki.

Aikin yana buɗe hanya amma baya kashe 'yan aiken, shi ya sa tsiron kan dawo in aka watsar da feshin hanci mai sitiroyid da wanke hanci da ruwan gishiri, ruwan a tafasa ya huce tukuna. Akwai allurai masu tare saƙon kai tsaye, dupilumab na tare IL-4 da IL-13, Amurka ta amince dashi don tsiron hanci a 2019, mepolizumab kuma na tare IL-5, sai dai tsadarsu ba a magana.

Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, ki nemi likitan ƙirji ma ya ganki kafin aikin, ki tafi da inhelarki duka. In shuɗiyar inhela kaɗai kike shaƙa, ita buɗe bututun numfashi kawai take, ki tambayi ta rigakafi.