Babur na ƙwanƙwasa a sulo: mazaunin inji ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Bajaj Boxer da nake zuwa aiki da shi daga Bukuru. Idan na tsaya inji na sulo sai in ji ƙaf-ƙaf daga ƙasa, amma da na murɗa totur sai ƙarar ta ɓace. Me ke kawo haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wannan ya fi kama da matsalar mazaunin inji, wato ƙarfen da ke riƙe inji a jikin firam. A sulo inji mai silinda ɗaya ya fi jijjiga, to in notin mazaunin ya saki sai injin ya riƙa dukan firam. Da gudunsa ya ƙaru sai bugun ya haɗe, kunne ya daina rarrabewa.

Kada a kwance komai tukuna. Ka kafe babur a ƙafarsa ta tsakiya, ka tayar, ka bar shi ya yi ɗumi minti 5, domin sanyin safiyar Jos kaɗai kan sa sulo ya yi ta rawa. Ka matse kulochi: in ƙarar ta sauya, can matsalar take. In ba ta sauya ba, ka tokare injin da katako ka danna. Ta yi shiru? Mazauni ne. Ka kuma taɓa murfin salansa da na sarƙa, su ma suna yaudarar kunne.

Bayan inji ya huce, ka duba kowace ƙusa, gaba da baya. Jan garin tsatsa ko wurin da ƙarfe ya goge yana sheƙi, nan motsin yake. Ka sa katako a ƙarƙashin inji, ka sassauta notin duka, ya zauna daidai, sannan ka ɗaure su bi da bi. Ɗaure guda ɗaya tamau ana barin sauran shi ke tsaga ƙarfen mazauni. Ƙusar da ta cinye ko ta lanƙwashe a sauya ta, a nemi mai lamba 8.8 a kanta (alamar ƙarfinta) da sabon washa. Akwai su a Dilimi.

In ramin ƙusar ya faɗaɗa ko ƙarfen ya tsage, ɗauri ba zai yi magani ba, sai sabo ko walda. Kafin walda a sauke tanki, a cire batir da CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi.

Wasu makanikai sukan ƙara sulo kawai don ƙarar ta ɓuya. Kada ka yarda, babur zai ƙara shan mai, ƙusar kuma tana ci gaba da cinyewa. Sulo ya tsaya wajen juyi 1,400 a minti, kuma bayan mako guda ka sake bin notin da sifana.