Zauren Tambaya: Haɗa sabar kallo a cikin gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bidiyon bukukuwan gidanmu, karatuttukan tafsiri da finafinan da na saya, duk sun warwatse a wayoyi da filashi. Ina son tara su wuri guda, kowa a gida ya kalla ta talabijin ko wayarsa ba tare da cin data ba. Wace kwamfuta zan saya? Daga wani mai karatu a Rijiyar Zaki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake nema shi ne sabar gida: kwamfuta ɗaya da ke zaune a kunne, ta riƙe fayilolin, ta raba su ta rautar gida (na'urar da ke ba da Wi-Fi). Kallo a cikin gida ba ya taɓa datarka, domin bidiyon daga sabar yake zuwa rauta, daga rauta zuwa talabijin.

Kada ka bari a sayar maka da ƙatuwar kwamfutar wasanni. Nemi ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, irin Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini ko Lenovo ThinkCentre Tiny. Ana samunsu a shagunan Beirut Road. Ka dage a kan firosesar Intel Core i3 ko i5 ta zubi na 7 zuwa sama, da RAM gigabait 8, da ƙaramin SSD (faifan ajiya mai sauri) na gigabait 128 don manhaja kaɗai. Dalilin zubi na 7 shi ne Quick Sync, ɓangaren firosesar da ke sauya tsarin bidiyo nan take idan wayar mai kallo ba ta iya buɗe shi yadda yake. Daga wannan zubin ne ya fara ɗaukar tsarin matse bidiyo na HEVC mai bit 10 sosai, kuma sababbin bidiyo da yawa da shi ake matse su. Irin wannan kwamfuta tana cin wat 10 zuwa 15 in tana zaune, wato kusan yunit 11 na mitar wuta a wata in ba a kashe ta ba.

Raspberry Pi fa, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu? Yana aiki in duk na'urorin gidan suna buɗe fayilolin kai tsaye. Amma Pi 5 ba shi da ɓangaren matse bidiyo, to da zarar an buƙaci sauyawa sai kallo ya riƙa tsayawa. In ka haɗa kuɗinsa da caja da akwati, kwamfutar hannun ta fi riba.

Fayilolin kuwa a faifan ajiya daban za su zauna. Terabait 4 zai nuna maka kusan 3.6, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne, kuma zai ɗauki finafinai dubu masu gigabait 3 kowanne har da saura. In na hannu ne, ka sa a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, a gabanka kafin ka biya, ka duba awoyin da ya yi yana aiki da ko an rubuta masa gargaɗi mai ruwan ɗorawa. In akwai gargaɗi, bar shi ko da rabin kuɗi ne.

Tambaya: Plex ko Jellyfin? Kowa da abin da yake faɗa mini. Daga wata malamar makaranta a Gwale.

Amsa: Malama, duka biyun manhajoji ne da ake saka wa sabar don ta tsara bidiyon ta kai su talabijin da waya, amma a Kano mun fi ba da shawarar Jellyfin. Kyauta ce, ta fito daga wata manhaja irinta mai suna Emby a 2018, kuma shiga cikinta ba ya buƙatar intanet. Plex ta fi ƙyalli, amma tana son tantance asusunki ta intanet, to ranar da data ta ƙare sai ki ga ana hana ki kallon abin da ke ɗakinki, sai in an riga an gyara saitin. Amfani da Quick Sync a Plex ma sai da Plex Pass na kuɗi.

Bayan an saka Jellyfin a Windows ko Ubuntu, ki buɗe burauza ki rubuta adireshin sabar sannan :8096. Ki shiga rauta ki ɗaure wa sabar adireshi ɗaya, in ba haka ba duk dawowar wuta yana iya canzawa, talabijin ta rasa ta. Finafinan Kannywood da yawa ba su cikin rumbun TMDB da Jellyfin ke ɗauko hotuna da bayanai daga gare shi, sai ta laƙaba musu sunan wani fim na ƙetare. Ki ware musu ɗakin ajiya na bidiyon gida a cikin Jellyfin, tare da na biki da tafsiri. Ki kuma buɗe wa yara asusunsu daban, su ga abin da kika zaɓa musu kawai.

Tambaya: Faifaina na biyu ke nan da ya mutu cikin shekara. Me nake yi ba daidai ba? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

Amsa: Alhaji, wuta da zafi ne. In aka ɗauke wuta faifai yana tsakiyar rubutu, tsarin fayilolin yana lalacewa, kuma hawa da saukar wutar janareta yana cinye cajar faifan sannu a hankali. Ka ɗora sabar, faifan da rautar duka a kan UPS (akwatin batiri mai riƙe wuta in an ɗauke) ko inbatar sola. Gaba ɗaya ba su wuce wat 40 ba, ƙaramin UPS na 650VA ya isa ya riƙe su a kashe cikin tsari. A BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, akwai saitin da ke sa kwamfuta ta kunna kanta idan wuta ta dawo, ka kunna shi. Tsohuwar laftof ma tana zama saba, batirinta ya tsaya mata, sai dai a riƙa dubawa kada ya kumbura.

A Afrilu da Mayu zafin garin nan yana kai digiri 40. Faifan da aka kulle a kabad ɗin talabijin zai haura 50, alhali an fi son ya zauna ƙasa da 45. Fito da shi sarari, sa masa ƙaramar fanka ta USB, kuma lokacin hunturu a buɗe kwamfutar a hure ƙura duk wata. Bidiyon biki da hotunan iyaye, waɗanda ba a sake samu, a kwafe su a faifai na biyu da ake cirewa a ajiye a wani ɗaki.

Tambaya: Zan iya kallo in na yi tafiya Abuja? Daga wani ma'aikaci a Hotoro.

Amsa: Za ka iya, amma buɗe ƙofa a rauta don a shigo sabar daga waje ba zai yi ba, domin layukan MTN da Airtel galibi suna haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya. Saka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta intanet kamar suna gida ɗaya, a sabar da wayarka, ka shiga da asusu guda. A nan data za ta tafi ta ɓangarori biyu, gida da waya, don haka ka rage ingancin zuwa megabit 2 a daƙiƙa, wanda ke cin kusan megabait 900 a awa.