Zaɓen zare da allura don ɗinkin bargon auduga da hannu

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa zaren da muke ɗora wa keke yake tsefewa yana harɗewa a hannunka idan kana ɗinkin bargon auduga, da kuma abin da ke sa allurarka ta lanƙwashe tun ba ka kai tsakiyar aikin ba. Tambayar ta zo a kan gaɓa, domin hunturu ya ƙarato, kuma ka san yadda sanyin Jos yake a watannin Disamba da Janairu, lokacin da masu neman bargo mai nauyi suke yawaita a shagon nan. Abin da ya faru shi ne ka ɗauki zare da allurar da ka tarar a kan tebur, alhali yadin da abin da aka cusa a cikinsa su ne ya kamata su zaɓa maka.

Bargo hawa uku ne: yadin sama, audugar tsakiya, da shafin ƙasa. Duk lokacin da ka soka allura ka ja, zaren da ke kusa da ita yana gogar waɗannan hawa uku, kuma haka zai yi ta bi ta kowace huda har ka ƙare silin. Zaren keke ba a yi shi don wannan guga ba, shi ya sa yake yin gashi, gashin kuma ya riƙa kamo auduga yana fito da ita saman yadi. Zaren da aka yi don wannan aiki na auduga ne zalla, an murɗa shi sosai, sannan an shafe shi da wani abu mai kama da kaki, wanda yake ba shi santsi da ɗan tauri. Kamfanoni irin su Gütermann da Coats suna yin sa, kuma idan ka warware shi za ka ga yana tsayawa da ɗan ƙarfinsa, ba ya langaɓewa. A tsarin lambar da aka fi bugawa a jikin zaren auduga, idan lamba ta hau zare ya sirance, don haka mai lamba 40 ya fi mai lamba 50 kauri, kuma 40 ɗin nake so ka nema. Amma kada ka kuskura ka ɗora wannan zare a kan keke, domin shafin da ke jikinsa yana taruwa a wurin da ake daidaita ƙarfin zare ya toshe shi.

Ba kullum ake samun irinsa a shagunan kayan tela na kasuwar Taminus a nan Jos ba. Idan ba ka samu ba, ka sayi zaren auduga mai kyau, ka ja shi a kan kakin zuma sau biyu, ka sa shi tsakanin takarda ka bi da dutsen guga mai ɗumi domin kakin ya shiga jikinsa kada ya ɓata yadi. Zaren roba ya fi na auduga ƙarfi, ban musa ba, sai dai a bushewar hunturu yana manne wa yadi da hannu yana cukurkuɗewa, kuma yana da ɗan talewa, abin da ke sa ɗinki ya tattare idan ka ja da ƙarfi. Kafin ka biya kuɗi ka warware kaɗan ka finciko shi tsakanin hannuwanka. Idan ya tsinke ba da wahala ba, ya daɗe a rana ko a laima ke nan, ka bar shi ko da an rage maka kuɗi, araha ba ta ado. Mai launin ja ko baƙi ko shuɗi kuwa, ka jiƙa guntunsa ka matse a farin ƙyalle ka gani ko yana zuba.

Tsawon silin da kake yankewa ma yana cikin matsalarka. Kamu ɗaya ya isa, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kimanin santimita 45. Na san sake zura zare yana gundurar mai koyo, amma dogon sili yana gajiya kafin ya ƙare. Ka yanke shi a karkace da almakashi mai kaifi, kada ka sa haƙori, ka zura bakin da ya fara fitowa daga kwarkwaro, ka ƙulla wanda ka yanke. Ƙullin ya zama ƙarami, yadda za ka ja shi a hankali ya shige cikin auduga ya ɓuya.

Allurar da ka yi amfani da ita doguwa ce, ta ɗinkin riga, tsawonta ne ya sa ta lanƙwashe. A wannan ɗinki ba a soka allura a zare ta sau ɗaya ɗaya. Ana dafa gindinta da yatsan tsakiya, a tura ta ƙasa har tsininta ya taɓa yatsan hannun da ke ƙarƙashi, a kwantar da ita ta dawo sama, a maimaita har ta ɗauki taki uku ko huɗu kafin a ja. Allurar da za ta jure wannan lilo dole ta zama gajera mai tauri, mai ƙaramar kafa zagayayya. A jikin fakitinta za ka ga an rubuta Betweens ko Quilting, kuma ta John James, ta garin Redditch a Ingila, tana cikin waɗanda na yarda da su. Ita ma lambarta a juye take: 12 ta fi 8 siranta da gajarta. Ka fara da 8, idan hannunka ya faɗa ka koma 9 ko 10. Kada ka yi gaggawar zuwa 12 don ka ga takin ƙwararru ƙanana ne. Taki shida a inci ɗaya da suka yi daidai da juna sama da ƙasa sun fi goma masu hawa da sauka kyau. Abin kare yatsa kuwa wajibi ne, na ƙarfe ko na fata, domin gindin ƙaramar allura yana huda yatsa kamar tsininta.

Abin da nake so ka riƙe sosai shi ne dacewar allura da zare. Allura ita ce take buɗe hanyar da zare zai bi. Idan ta yi siranta, zaren zai riƙa kutsawa da ƙyar yana tsefewa a bakin kafarta. Idan ta yi kauri, za ta bar huda a yadi, auduga ta riƙa leƙowa. Ka haɗa guntayen hawa ukun da za ka yi aiki da su ka gwada tukuna. Idan zare ya bi allura ba tare da ka fizga ba, kuma hudar ta rufe a bayansa, sun dace.

Yadi da cikinsa suna iya sauya duk wannan lissafi. Atamfa sabuwa da shadda saƙarsu a matse take, suna dakushe allura da wuri, don haka ka wanke su sitatin ya fita kafin ka fara. Faiba, wato audugar roba, ta fi auduga sauƙin ratsawa, amma silinta yana son bin zare ya fito. Audugar rimi kuwa santsi gare ta, tana gudu ta taru wuri ɗaya, sai an matso da layukan ɗinki kusa da juna. Da ita ake cusa lifidin da kake gani a jikin dawakai a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, kuma kauri irin wannan ya fi ƙarfin ƙaramar allura, sai basilla da zare mai kauri. Haka nan idan mai bargo yana son ɗinkin ya fito ya zama ado, ka ɗauki zaren surfani mai lamba 8 da allurar surfani mai doguwar kafa, ka buɗe takin.

Ka sayi allura fakiti guda, kada ka sayi ɗaya ɗaya. Da zarar ka ji tana jan yadi, ko ta karkace, ko gumin hannu ya dusashe ƙyallinta, ka canza ta. Da damina kuma kada ka bar ta soke a jikin bargo ta kwana, domin laimar garin nan tana sa ta tsatsa da wuri, tabon tsatsa kuwa da wuya ya fita daga farin yadi.