Safar matsi ba ta yi miki aiki ba? Duba inda ta tsaya

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce da kin miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ki, zuciya ta hau bugawa fat-fat, kin sayi safar matsi mai tsayawa a gwiwa amma ba ki ga canji ba. Ni ma ta nan na fara, bayan likita ya tabbatar min ina da POTS, wato ciwon da ke sa bugun zuciya ya yi sauri fiye da kima idan mutum ya miƙe tsaye.

Idan mutum ya miƙe, jini kamar rabin lita ko fiye yakan gangara ya taru a ƙasan jiki. Akwai jijiyoyi a wuya da bakin babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya, su ke fara jin jini ya ragu. Sai su sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara sauri, duk ba da saninmu ba. Da yawanmu tsukewar ce ba ta isa, sai aikin ya koma kan zuciya. Shi ya sa bugunta na kowane minti ke ƙaruwa da 30 ko fiye cikin minti 10 na tsayuwa.

Matsi yana kora jinin sama, jijiyoyin nan su lafa, zuciya ta sarara. Sai dai mafi yawan jinin a ciki da cinyoyi yake taruwa, ba a sha-raɓa ba. A wani bincike na Jami'ar Kalgari da ke Kanada a 2021, an gwada mutum 30 masu POTS: babu matsi bugun ya kai 109 a minti, matsin sha-raɓa 103, na ciki da cinya 97, duka haɗe 92.

Ranar da na koma mai kaiwa har ƙugu, na tsaya gaban madubi na gama taje kaina ban nemi bango na dafa ba. Har ƙwalla na yi. Tana da zafi, sanyawa ma sai da dabara, amma ban fasa ba.

Ki sa ta da safe tun kina kan gado, kafin jini ya sauka, ki cire idan za ki kwanta. Tawa mai ƙarfin 20 zuwa 30 mmHg ce (ma'aunin ƙarfin matsi ke nan). In kina da ciwon suga, ko toshewar hanyoyin jinin ƙafa, ko juna biyu, don Allah ki fara ganin likita kafin ki matse cikinki.